Mutanen Rami da Mutanen Halwa

Wani dare, a wani masallaci da ke unguwar Sharafiyya a tsakiyar Jidda, liman ya ja mu sallar isha'i da Suratul Buruj. Sura ce da duk wanda ya riƙe allo a Kano ko Maraɗi ya wanke tun yana ɗan ƙanƙani, domin tana cikin izu na biyu da almajiri ke hawa. Kowa ya san abin da ta ƙunsa: wasu sun haƙa rami, sun cika shi da wuta, sun zauna a gefe suna kallon yadda ake jefa muminai, alhali iyakar laifin muminan shi ne imani da Allah. Da aka sallame na fito ina ratsa shaguna, sai na lura kusan kowace al'umma da ke neman abinci a wannan unguwa tana riƙe da wani yanki na labarin. Sarkin da ya hura wutar daga ƙasar mutanen Yaman ya fito. Wanda ya zo ɗaukar fansa sarkin Habashawa ne. 'Yan Kerala na Indiya, waɗanda gidajen abincinsu suka cika Sharafiyya, a jiharsu akwai tsofaffin Kiristoci da suka gaji ibada da Suryananci, harshen da aka fara rubuta labarin da shi. Mu kuwa surar muke da ita, kuma da yawanmu ba mu taɓa tambayar su wane ne mutanen ba.

Malaman tafsiri sun ambaci ramuka fiye da ɗaya, amma wanda ya fi shahara, wanda kuma tarihi ya fi ba da bayaninsa, shi ne na Najran, wani gari mai dausayi a kudancin Saudiyya kusa da iyakar Yaman, tafiyar kilomita wajen 900 daga Jidda. A can kufan da ake kira Ukhdud yake har yau. Abin ya faru a shekara ta 523, kusan shekara hamsin kafin haihuwar Annabi Muhammadu (SAW), kuma waɗanda aka ƙone mabiya Annabi Isa ne (AS). Kalma guda ta isa ta kuɓutar da kowannensu, amma suka ƙi furta ta. Kafin mutum ya gane dalili, sai ya koma baya da ƙarni huɗu ko biyar, ya kuma tsallaka Bahar Maliya zuwa Masar.

Mu fara da kalmar kanta. Da Girkanci, wanda aka kashe saboda addininsa sunansa martus, wanda asalin ma'anarsa mai ba da shaida a gaban alƙali. Suryananci ya ce sahda, Larabci ya ce shahid, mu muka ce shahidi, duka daga saiwar shaida. Wato a zauren shari'a aka haifi kalmar, kuma yadda Rumawa ke gudanar da shari'ar Kiristoci shi ne ya ba ta wannan nauyi.

Daular Rum ba ta damu da yawan abin bauta ba. Duk garin da ta ci da yaƙi takan bar shi da gumakansa. Abin da take nema kawai shi ne kowa ya halarci yankan da ake yi wa allolin daula, ya kuma jefa ɗan turare a wuta a gaban gunkin sarki. A wurinsu wannan mubaya'a ce, kuma da ita ake sayen zaman lafiyar ƙasa. In fari ya zo, ko annoba, ko aka ci su a yaƙi, sai ido ya koma kan waɗanda suka ƙi yin yankan. Yahudawa sun samu rangwame saboda tsohuwar al'umma ce da aka san al'adarta. Kiristoci kuwa sababbi ne, sun fito daga kowace ƙabila, suna taruwa a gidaje kafin fitowar rana, ba su da gunki ko ɗaya, har maƙwabtansu ke ce musu marasa addini.

Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Filiniyus, da ke mulkin Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara, kuma wasiƙar ta wanzu. Ya ce yakan tambayi wanda aka kawo ko shi Kirista ne har sau uku, yana gargaɗinsa. In ya dage sai a kashe shi. Wanda ya musanta kuwa, sai a gwada shi: ya zuba turare da giya a gaban gunkin sarki, ya zagi Almasihu. Tarajan ya amsa cewa kada a bi su gida gida, kada a saurari ƙarar da ba ta da sunan mai kawo ta, kuma duk wanda ya yi yanka a sallame shi. A nan gundarin al'amarin yake. Ɓarawo ko mai kisan kai ba shi da abin da zai faɗa ya kuɓuta, amma Kirista ƙofar fita a buɗe take gare shi har zuwa lokacin da hauni zai zare takobi. Shi ya sa tsayuwarsa ta zama shaida, domin duk mai kallo ya san da zaɓinsa ya tsaya.

Labarin da ya fi nuna nauyin wannan zaɓi daga Afirka ya fito. A shekara ta 203, a birnin Kartaj kusa da Tunis ta yau, aka kama wata 'yar babban gida mai suna Farfetuwa, mai kimanin shekara 22, da goyo a hannunta, tare da wata baiwa mai suna Filisita da ke da cikin wata takwas. Farfetuwa ta rubuta abin da ya same ta a kurkuku da kanta, kuma rubutun yana cikin mafi daɗewa da wata mace Kirista ta bari. Abin da ya fi ƙona mata rai a ciki shi ne mahaifinta, dattijon da bai shiga addinin ba, yana ta zuwa yana sumbatar hannunta, yana roƙonta ta ji tausayin furfurarsa da jaririnta. Alƙalin ma haka ya roƙe ta. Filisita ta haihu a kurkuku 'yan kwanaki kafin ranar kisan, wata 'yar'uwa a addini ta karɓi jaririyar. Aka fitar da su filin wasa, aka sakar musu saniya mai tunkuyi, sannan aka ƙarasa su da takobi.

Kada a ɗauka kullum cikin kisa ake. Akan yi shekaru masu yawa lafiya lau, sai fitina ta tashi a gari ɗaya ta lafa. Sai a shekara ta 250 Sarki Desiyus ya mai da abin dokar ƙasa baki ɗaya: kowa ya yi yanka a gaban jami'ai, ya karɓi takardar shaida. Busasshen rairayin Masar ya adana irin waɗannan takardu sama da 40, ɗauke da sunan mai yankan da sa hannun jami'an. Kiristoci da yawa sun yi yankan, wasu sun sayi takardar da cin hanci, kuma bayan ƙura ta lafa rikicin ko za a sake karɓarsu ya raba kan majami'u a Rum da Kartaj. Mafi tsanani ya zo a 303 a zamanin Sarki Diyokletiyan, wanda ya sa a rushe majami'u a ƙone littattafai. Masar ta sha wuya ƙwarai, har Kibɗawa, Kiristocin ƙasar, suka mai da shekarar hawansa mulki, 284, mafarin kalandarsu, suna kiranta ƙidayar shahidai. Da ita suke lissafi har yanzu. A Satumban 2024 suka shiga shekara ta 1741.

A 313 yarjejeniyar Milan, a zamanin Sarki Kustantin, ta halatta addinin. Kafin a jima abin da ake kashe mutum a kansa ya zama tsanin samun muƙami. Jama'a suka yi ta kwarara cikin majami'u, masu gaskiya da masu neman abin duniya. Ga wanda ya tashi yana jin labarin Farfetuwa, tambaya ta taso: yanzu da ba mai neman ransa, ta yaya zai miƙa kansa ga Allah ɗungurungum?

Amsar ta riga ta fara tsiro a Masar. Wani saurayi ɗan manoma masu hali, Antoniyos, wanda aka haifa wajen 251, iyayensa sun rasu yana kusan shekara ashirin. Ya ji ana karanta wurin da Linjila ke umurtar wani mai dukiya ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, sai ya ɗauka da shi ake. Ya rabar da gonakin gado, kimanin hekta 80, ya danƙa ƙanwarsa ga wasu mata masu ibada, ya koma bayan gari. Daga nan ya shiga maƙabarta, daga nan ya rufe kansa a wata tsohuwar ganuwar soja shekara ashirin. A 311, da aka sake kama Kiristoci a Iskandariyya, ya fito ya je yana hidimar waɗanda ke tsare, yana tsayuwa a fili a gaban alƙali, amma ba wanda ya taɓa shi. Atanasiyos, bishop na Iskandariyya da ya rubuta tarihinsa wajen 360, ya ce da ya koma ɗakinsa sai ya mai da kowace rana ranar shahada, tsakaninsa da zuciyarsa. Ƙarshen rayuwarsa ya yi shi a wani dutse kusa da gaɓar Bahar Maliya, tekun nan da Jidda ke bakinta, ya rasu a 356 yana da shekara 105. Gidan ibadar da aka gina a gindin dutsen yana nan da mutane a ciki.

Irin wannan mutum shi Larabawa ke kira rahib, mai tsoron Allah, mu kuma muka ji shi a tafsiri da rahibi, jam'i ruhubanawa. Mafi kusa da aikinsa a abin da Bahaushe ya sani shi ne halwa, sai dai halwar malami ta kwana bakwai ce ko arba'in, ta rahibi kuwa ta har abada ce, ba aure, ba dukiya, ba komawa gida.

Hanyar ta rabu uku. Akwai mai zama shi kaɗai kamar Antoniyos. Akwai tsarin Bakumiyos, wanda aka kama aikin soja yana saurayi bai san addinin ba, Kiristocin wani gari suka kawo musu abinci a inda aka tsare su, wannan alheri ya ja shi. Wajen 320 ya kafa gida a Tabannisi, a kudancin Masar, inda ɗaruruwan mutane ke zama cikin katanga ɗaya, da shugaba, da doka a rubuce, da rabon sana'a: masu saƙa, masu gashin gurasa, masu jirgin ruwa. Kafin rasuwarsa gidajen sun kai tara na maza, biyu na mata. Hanya ta uku tana tsakiya, kuma daga ita mafi yawan hikimar da ake ambato ta fito. A hamadar da ke kudu da Iskandariyya aka samu matsugunai uku, Nitriya da Kelliya da Shihit. Shihit shi ne ake kira Wadin Natrun a yau, natrun kuwa ita ce kanwa, don haka da Hausa sunan wurin Kwarin Kanwa. Wani baƙo da ya zauna a Nitriya wajen 390 ya ƙiyasta mazaunanta da 5,000. A Kelliya, masu tonon kayan tarihi da suka fara aiki a 1964 sun gano kufan gidajen halwa sama da 1,500.

Ga yadda mako ke tafiya a can. Kowa da ɗakinsa, an gina su nesa da juna yadda wani ba zai ji muryar wani ba. Daga Litinin zuwa Juma'a mutum yana ciki shi kaɗai. Yakan tashi da tsakar dare ya karanta Zabura goma sha biyu, da yamma ma haka. Tsakanin nan yana zaune yana tufka igiya ko saƙa kwando da ganyen dabino, bakinsa yana maimaita wata gajeriyar aya, kamar yadda mai wuridi ke jan carbi yana aikinsa. An zaɓi tufka ne saboda hannu na iya yin ta ba tare da ta ɗauke hankali ba, kuma kwandunan ake sayarwa a sayi gurasa, a yi sadaka da saura, domin suna ƙin rahibi ya zama nauyi a kan kowa. Abinci sau ɗaya ne, wajen la'asar: busasshiyar gurasa da gishiri da ruwa. Asabar da Lahadi a taru a majami'a, a yi ibada, a ci abinci tare. Wanda ba a gani ba an san ba shi da lafiya, sai a bi sawunsa.

Karatu a wurinsu ba na aji ba ne. Sabon shiga yakan je wurin dattijo, wanda ake kira Abba, ko Amma in mace ce, kamar Amma Sara da Amma Sinkiletika, ya roƙi kalma ɗaya da zai rayu da ita. Dattijon yakan ba shi amsa gajeriya wadda ta dace da ciwonsa shi kaɗai, shi ya sa akan samu mutum biyu sun yi tambaya ɗaya an ba su amsa mabambanta. Almajirin kan riƙe kalmar shekaru yana aiki da ita kafin ya dawo neman wata. Daga baya, a ƙarni na 5 da na 6, aka tattara waɗannan amsoshi a littafi.

Me suke yaƙa a cikin ɗakin? Mutumin da ya fi tsara amsar shi ne Ifagiriyos, malami mai zurfin ilimi da ya bar Kustantiniyya ya ƙare rayuwarsa a Kelliya a 399. Ya lura cewa in aka raba mutum da kasuwa da dangi da hira, abin da ke saura shi ne saƙe-saƙen zuci, kuma ya kasa su takwas: kwaɗayin ciki, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, ƙosawa, son yabo, da girman kai. Ya nuna yadda suke jan juna: wanda aka hana abin da yake kwaɗayi yakan faɗa fushi ko baƙin ciki, wanda kuma ya ci nasara a kan na farkon duka, son yabo na jiransa a gaba. Bayaninsa a kan ƙosawa duk wanda ya taɓa zaman jira zai gane shi. Ya ce da hantsi take zuwa ta kai har azahar. Rahibi ya ga kamar rana ta tsaya cak, ya yi ta leƙen taga, ya fara ƙin ɗakinsa da sana'arsa, ya tuna 'yan'uwa ba su damu da shi ba, zuciyarsa ta raya masa cewa a wani wuri zai fi samun bauta wa Allah. Maganin da suka bayar shi ne ya zauna daram, ya ci gaba da tufkarsa, ya kuma je ya faɗa wa dattijo abin da zuciyarsa ke saƙawa ba tare da ɓoye komai ba, domin sun ga saƙar da aka furta takan rasa ƙarfinta. Sukan kwatanta zuciya da ruwan da aka ɗebo a gurɓace: in aka ajiye ƙwaryar aka bar ta, laka ta kwanta, sai mutum ya ga fuskarsa. Wani almajirinsu, Yohana Kasiyan, ya kai wannan koyarwa kudancin Faransa wajen 415, kuma daga jerin takwas ɗin nan aka fitar da manyan zunubai bakwai da cocin Turai ya shahara da su.

Duk da tsananin azumi da tsayuwar dare, halin da suka ɗora a kan kowane shi ne basirar gane daidai, wato sanin iyakar da kowane mutum zai iya ɗauka. An ce wani maharbi ya ga Antoniyos yana raha da almajiransa, abin bai yi masa daɗi ba. Dattijon ya sa shi ya ɗana baka ya yi ta ja, har maharbin ya ce in ya ƙara za ta karye, sai ya nuna masa cewa haka mutum yake. Na biyu shi ne ƙin yanke wa wani hukunci. Akwai Musa Baƙi, baƙar fata ɗan Afirka, tsohon bawa da ya zama shugaban 'yan fashi kafin ya tuba ya shiga Kwarin Kanwa. Da aka kira shi zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi, sai ya zo da hujajjen kwando cike da rairayi a bayansa, yana zuba. Ya nuna musu cewa haka zunubansa ke zuba a bayansa bai gani ba, ga shi ya zo hukunta na wani. Taron ya watse an yafe wa mai laifin. Wajen 407 mahara daga hamadar yamma suka afka wa kwarin. Musa ya sallami masu son gudu, shi ya zauna, yana ganin wanda ya rayu da takobi bai kamata ya guje mata ba. A ɗakinsa aka kashe shi tare da wasu 'yan'uwa kaɗan.

Irin waɗannan mutane ne suka kai addinin Kirista Najran, bisa riwayar Musulmi kansu. Ibn Ishaƙ ya kawo labarin Faimiyun, wani mai zuhudu daga Sham da ke cin guminsa da aikin gini, mai barin gari da zarar an gane darajarsa. Aka kama shi a hanya aka sayar da shi bawa a Najran, inda mutane ke bauta wa wata doguwar bishiyar dabino, kuma ta hanyarsa suka bar ta. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Suhaibu ma da rahibi ya fara: yaron da sarki ya aika koyon sihiri yakan ratse wurin wani rahibi a hanya, ƙarshen labarin kuwa rami ne da wuta da wata mata mai goyo. Duwatsu sun ƙara nasu bayani. A 2014, a yankin Hima da ke arewa da Najran, masu bincike na Saudiyya da Faransa suka gano rubuce-rubuce ɗauke da alamar gicciye, ɗaya da sunan Sauban ɗan Malik, mai kwanan wata daidai da 469 ko 470. Yana cikin rubutu mafi daɗewa da aka samu da haruffan da suka zama na Larabci.

Kisan 523 yana da fuskar addini da ta siyasa, kuma ba a raba su. Manyan dauloli biyu, Rum da Farisa, suna takarar hanyoyin fatauci. Daular Aksum ta Habasha Kirista ce kuma ƙawar Rum, ta ma girke sojoji a Zafar, babban birnin Himyar a Yaman. Sarakunan Himyar kuwa tun wajen 380 suka bar gumaka suka karkata ga addinin Yahudu. Da Yusufu As'ar, wanda Larabawa ke kira Zu Nuwas, ya karɓi mulki wajen 522, sai ya far wa sojojin Habasha, ya ƙone majami'ar Zafar, ya kuma ɗauki Kiristocin Najran a matsayin 'yan bayan abokan gaba. Aikin sarki ɗaya ne a tsakiyar yaƙi, kuma kwamandansa ya sa an sassaƙa labarin yaƙin a duwatsun Hima, inda rubutu ɗaya ke alfahari da kashe mutum 12,500 da kama 11,000 a ɗaukacin yaƙin. Garin Najran ya rufe ƙofofinsa. Sarki ya rantse ba zai taɓa kowa ba, aka buɗe masa, ya warware rantsuwar. Aka tara limamai da masu ibada a majami'a aka cinna mata wuta. Sauran aka ba su zaɓin da Filiniyus ya bayar shekara 400 kafin nan: su bar addininsu su rayu. Shugaban garin, Harisu, dattijo ne tukuf, aka fille kansa tare da manyan gari. Wata attajira mai suna Ruhum, wadda mijinta na cikin waɗanda aka kashe, ta fito kasuwa fuska a buɗe, abin da ba ta saba ba, ta ƙarfafa matan garin, sannan aka kashe ta da 'ya'yanta mata. Riwayar Girkanci ta ba da adadin mutum dubu huɗu da 'yan kai, Ibn Ishaƙ ya ce kusan dubu ashirin.

Labarin ya bazu ne ta bakin mai laifin. Yusufu ya aika wa Munzir, sarkin Hira a Iraƙi, yana ba shi labari yana zuga shi ya yi haka. Manzon ya iso a farkon 524 ana tsakiyar wani taro da jakadun Rum, wani bishop mai suna Sham'un na Bait Arsham yana wurin, ya rubuta abin da ya ji da Suryananci ya watsa. A 525 Kaleb, sarkin Aksum, ya tsallako teku da jirage, Yusufu ya hallaka. Cikin rundunar akwai wani Abraha, wanda daga baya ya ƙwace mulkin Yaman, shi ne mai giwa da muka sani. Kaleb kuwa, a riwayar cocin Habasha, bayan nasarar ya sauka daga gadon sarauta, ya aika da kambinsa Ƙudus, ya ƙare rayuwarsa a ɗakin halwa. Shekara casa'in bayan wannan yaƙi, Musulmin farko da suka guje wa azabar Ƙuraishawa suka shiga jirgi a Shu'aiba, kudu da Jidda, kuma Najjashin da ya karɓe su sarautar Aksum ɗin nan yake riƙe da ita.

Musulunci bai ɗauki rahbaniyya a matsayin hanya ba, kuma Alƙur'ani ya yi magana a kan ruhubanawa ta fuska fiye da ɗaya. Suratul Ma'ida ta yabe su da rashin girman kai. Suratul Hadid ta ce su suka ƙirƙiro hanyar don neman yardar Allah, ba su kuma kiyaye ta yadda ya kamata ba. Suratut Tauba ta zargi da yawa daga cikinsu da cin dukiyar mutane. Suratul Hajji ta lissafa ɗakunan halwarsu cikin wuraren ibadar da Allah ke karewa daga rushewa, kuma Sayyidina Abubakar ya umurci rundunar da ya tura Sham ta ƙyale su da abin da suka keɓe kansu dominsa. Jikokin Kiristocin Najran sun aiko da tawaga Madina a ƙarshen rayuwar Annabi (SAW), aka yi muhawara, aka ƙulla yarjejeniya. A zamanin Sayyidina Umar aka mayar da su Iraƙi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan tarihi shi ne inda horon ya kai masu shi. Mai tunani zai zaci mutanen da suka gaji labarin wuta da takobi, suka kuma yi shekara arba'in a kan gurasa da gishiri, za su fito da ƙeƙasasshiyar zuciya. Wasu sun fito da ita. Tarihin Iskandariyya ya san ruhubanawan da suka shiga tarzoma. Amma waɗanda aka riƙa ambato, aka kwafi maganarsu ƙarni bayan ƙarni, su ne masu sauƙin hali ga mai laifi, irin Musa da kwandonsa. Ina ganin wannan ya cancanci girmamawa daga mai kowane addini.

Wanda ya kai wannan sauƙin hali ƙololuwa ɗan Jazirar Larabawa ne. Gabashin jazirar, wanda Suryanawa ke kira Bet Ƙaɗraye, yana da majami'u da gidajen ruhubanawa har bayan zuwan Musulunci: an gano kufan majami'a a Jubail a 1986, da gidan ruhubanawa a tsibirin Sir Bani Yas na Abu Dabi a 1992. A 676 shugaban Cocin Gabas, Giwargis, ya yi taro a Darin, a tsibirin Tarut kusa da Ƙaɗif, ya kuma tafi da wani rahibi ɗan yankin mai suna Ishaƙu ya naɗa shi bishop na Ninawa, daura da Mosul. Wata biyar kacal ya yi ya ajiye muƙamin, ya koma duwatsun Khuzistan, ya yi ta karatu har idonsa ya tafi, almajirai suna rubuta abin da yake faɗa. Ya koyar da cewa alamar zuciyar da ta tsarkaka ita ce ta riƙa ƙuna saboda tausayin dukkan halitta, mutane da tsuntsaye da dabbobi, har mai ita ya yi addu'a da hawaye ga waɗanda ke cutar da shi. Ruhubanawan gidan Mar Saba da ke kusa da Ƙudus suka mai da littafinsa Girkanci, daga nan ya kai Rasha. Aka mai da shi Larabci, daga Larabci ya shiga Gi'iz, tsohon harshen Habasha. A can ƙetaren teku daga Jidda suna kiransa Mar Yishaƙ, kuma yana cikin littattafai uku da ake karantar da ruhubanawan ƙasar har yau.